Irin da Malama Ta Bari a Firji

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Kafin in rubuta komai game da aikin yau, wajibi ne in gyara kurakurai uku da ke cikin takardar labaran makaranta wadda aka manna a allon sanarwa ranar Juma'a. Ban tambayi wanda ya rubuta ta ba. Shekara talatin da ɗaya da na yi ina sufeton makarantu sun koya mini cewa sanin mai kuskure ba ya gyara kuskure.

Na farko, an ce furen da za mu shuka irinsa yakan yi mako guda a buɗe. Ba haka ba ne. Yakan buɗe da safe, kafin faɗuwar rana ya yanƙwane, washegari wani ɗan'uwansa a kan karan ya gaje shi. Saboda haka ne mai ɗakina take kiransa Yini-Ɗaya, sunan kuma ya bi bakin yara.

Na biyu, an ce irin da za a shuka "kimanin ɗari biyu" ne. Ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Sau uku na ƙirga.

Na uku, kuma shi ya fi sauran nauyi, an ce ni na kafa ƙungiyar lambu ta makarantar. Ban kafa ba. Mai ɗakina ce ta kafa, wadda yara ke kira Malama, ni ma kuma haka nake kiranta. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana ɗibar garin wannan fure da tsinken auduga tana shafa wa wancan, tana neman wani launi da ita kaɗai ta san shi. Wannan iri shi ne duk abin da ya rage na aikin, domin ambaliyar da ta kwanta a lambun bayan an tsinke kwanson ƙarshe ta ruɓar da iyayen baki ɗaya. Idan bai fito ba, babu wani.

Ni riƙon ƙwarya nake yi har ta dawo. Tana asibiti tun ranar Alhamis ɗin da ta yanke jiki ta faɗi, yau kwana goma sha ɗaya. Wannan littafi na iri ne, ba zan cika shi da maganar asibiti ba.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

An shuka. Yara goma sha biyu suka zo, 'yan aji biyu, tare da Malamar Kimiyya, yarinya mai ladabi wadda ta fara aiki a wannan zangon. Kofin roba ɗari biyu da goma sha huɗu, an huda gindin kowanne sau uku da ƙusa. Ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya. Zurfi santimita ɗaya. An jera su a kan tsofaffin bencuna a ƙarƙashin rumfar da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje.

Ya kamata in rubuta halin da na sami irin a ciki. Washegarin Alhamis ɗin, da na dawo gida na kasa zama wuri ɗaya, sai na shiga gyaran firji. A can baya na tarar da ƙulli goma sha huɗu na jiƙaƙƙen tsumma, kowanne an ɗaure shi da zare mai launi dabam, har wasu sun fara warin danshi. Allah ya ba Malama ilimi da haƙuri, amma tsari ba ya cikin rabonta. Na kwance su duka, na shanya irin a kan tire a rana yini biyu har ya bushe ƙayau, na zuba a ambulan goma sha huɗu, na sa wa kowanne lamba. Tsummokin da zaren na zubar.

Na yi wa yaran bayani cewa a bushe ake ajiye iri, kuma ajiye shi a jiƙe aikin jahilci ne. Ban ambaci sunan kowa ba. Sun yi tsit, suna kallon juna. Na ji daɗin wannan ladabi.

Akwai wata yarinya a cikinsu da suke kira Lauya, kuma ban daɗe ba na gane dalili. Da na raba rula, sai ta ce:

"Baba Sufeto, ai Malama da yatsa take aunawa."

Na ce yatsan Malama ba ya nan, rula kuwa ga ta. Bai kamata in faɗi haka ba. Ta sunkuyar da kai, ta karɓa.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Asibiti, ɗaki na shida, gado na biyu daga taga. Na auna da ido, hasken da ke isa gadon bai kai na awa biyu ba a yini. Na yi wa nas magana, ta ce za ta duba.

Hannun dama yana hutawa tukuna, haka ma harshe. Amma da na zauna, sai ta dunƙule hannun hagu a kan bargo, ta buɗe shi a hankali, yatsa bayan yatsa, tana kallona. Na ɗauka wani abu take so a miƙo mata. Auta, ƙaramar 'yarmu wadda ke jinyarta, ta ce:

"Haba Baba. Furenta take tambaya."

Na ce, "Suna hanya."

Na ce ba zan rubuta maganar asibiti ba. Wannan ta shafi iri, shi ya sa.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Kwana biyar. Babu tsiro, ba a kuma sa ran gani tukuna. An yi ban ruwa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 3:50 na yamma

Kwana bakwai. Babu tsiro.

Na kafa jadawalin ban ruwa, mutum biyu kowace rana, murfin kwalba uku ga kowane kofi. Wani dogon yaro, Dogo suke ce masa, yana zubawa kamar mai kashe gobara. Na tsaya a kansa har ya koyi ƙirga uku.

Da yara suka watse, Malamar Kimiyya ta tsaya tana juya biro a hannu.

"Baba, ku yi haƙuri da tambayar ƙarami. Na karanta a waya cewa wannan irin yana son ya yi makonni a cikin sanyi da danshi kafin a shuka shi. An yi masa kuwa?"

Na ce, "'Yata, waya tana faɗin abubuwa da yawa." Na ƙara da cewa littafin noma da aka koyar da mu da shi a kwaleji bai ce haka ba.

Ta ce, "To, Baba. Allah ya ƙara sani."

Tambayar ta biyo ni har gida. Na ɗauko littafin na duba. Yana maganar masara da wake da gyaɗa. Babu fure ko ɗaya a cikinsa.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Mako uku. Takalmanta suna nan a ƙofar kicin inda suke tun ranar. Ɗaya a kife yake. Ban juya shi ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 4:05 na yamma

Kwana goma sha huɗu. Babu tsiro. A wata takarda da Malama ta taɓa manna wa yara a jikin rumfar, ta rubuta cewa daga kwana goma zuwa sha huɗu ake fara ganin kore.

Yaran sun durƙusa suna leƙa kofuna ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya ce:

"Baba, anya ba tsoron rula suke ji ba?"

Lauya ta ce, "A kira musu rajista mana. Wanda bai amsa ba a rubuta ya yi fashi, a aika wa iyayensa takarda."

Wata ƙarama ta ce, "Iyayen da ruwa ya ci?"

Dariyar ta mutu nan take. Na ce mai haƙuri yakan dafa dutse, kowa ya koma kan jadawalinsa.

A asibiti ta buɗe hannu. Na ce suna hanya.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Likita ya kira ni da Auta ofishinsa. Ya yi magana ta minti tara. Agogon bangonsa yana gaba da minti huɗu, na gaya masa, ya yi godiya.

A baranda Auta ta ce idan an sallami Malama, gidanta za ta tafi da ita, domin akwai wurin motsa jiki kusa da su, kuma gidan ba shi da matakala. Tafiyar awa huɗu ce a mota.

"Da ku za mu tafi, Baba. Ku da ko ruwan shayi sai kun ƙona."

Na ce ina da yara goma sha biyu da kofi ɗari biyu da goma sha huɗu a wuyana.

Ta ce, "Baba, mata ɗaya gare ku."

Bakin uwarta ta gado.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana

Na je rumfar bayan an tashi, lokacin da ba kowa sai mai gadi. Na tono ƙwaya ɗaya daga kofunan ambulan na ɗaya da bakin cokali. Da na shuka ta baƙa ce mai sheƙi, mai tauri. Yau da na matsa ta tsakanin yatsu biyu sai ta fashe, wani ruwa mai wari ya fito.

Na tono daga na biyu. Haka. Na bi lambobin har goma sha huɗu, biyu biyu daga kowanne. Ashirin da takwas, duka haka.

Na mayar da ƙasar, na shafe samanta da bayan cokali yadda ba wanda zai gane an taɓa. Ni da na sha kama malamai suna gyara rajista kafin in iso.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe

Na nemi takardunta. Malama ba ta da littafi kamar wannan. A bayan tsofaffin shafukan kalanda take rubutu, da fensir, ta cusa a duk inda hannunta ya kai. A aljihun tebur na cokula na sami wanda nake nema. Na kwafe shi a nan yadda yake:

"Mako shida a sanyi, a jiƙe. Da zarar sun sha ruwa sun farka, ko ido bai ga komai ba. In suka bushe bayan haka an kashe su. Zare shi ne sunan uwa da uba. Kada Sufeto ya gyara mini firji."

Ta ja layi biyu a ƙarƙashin jimlar ƙarshe.

Ta gaya mini da baki ma. Yanzu na tuna. Ina karanta jarida, na ce to.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Ta buɗe hannu. Na ce suna hanya.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Kwana ashirin da biyu. An yi ban ruwa bisa jadawali. Na tsaya ina kallon yara biyu suna ƙirga murfi uku uku a kan ƙasar da babu komai a cikinta, har na gyara wa ɗaya da ya zuba huɗu.

Malamar Kimiyya ba ta sake tambaya ba. Ta kawo mini kujera.

Garin neman gira aka rasa ido. Na sha rubuta wa yara wannan a allo in ce su yi bayaninsa da jimla biyar.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Ruwan shayin ya ƙone. Na jiƙa tukunyar.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Mako biyar.

Na aiki Auta ta sayo ruwan kwalba, ko da yake akwai biyu a kan durowa. Ta kalle ni, ta kalli kwalaben, ta fita.

Malama ta dunƙule hannu ta fara buɗewa. Ban zauna ba. Na tsaya a ƙarshen gado, yadda nake tsayawa idan zan karanta wa shugaban makaranta rahoto, na ce:

"Malama, ba sa hanya. Na kwance ƙullinki, na shanya su a rana. Na zubar da zaren. Ɗari biyu da goma sha huɗu, babu wanda zai fito. Mako guda ke nan da na sani, ina yi miki ƙarya."

Hannun ya tsaya rabi a buɗe. Ta daɗe tana kallona. Na so a ce harshen ya tashi ko na minti ɗaya ne, ta faɗa mini duk abin da ya dace da ni. Shekara arba'in da uku ban taɓa rasa amsa daga bakinta ba.

Ta rufe hannun. Da ƙyar ta juyar da fuskarta wajen bango. Nas ta ce wannan juyin ma ci gaba ne, makon jiya ba ta iyawa.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Bango.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Bango. Auta ta ce ta ƙi cin abincin rana. Ta tambaye ni me ya faru, na gaya mata. Can ta ce, "Baba, kun ci wani abu yau kuwa?" Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Zan rubuta wannan da tsari.

Na tara yaran a rumfa, na hana a yi ban ruwa. Na ce musu ranar farko na koya musu abin da ba daidai ba ne. Na karanta musu takardar Malama, har da jimlar ƙarshe. Na ce jahilin da na ambata ranar nan akwai shi, ga shi tsaye a gabanku, kuma abin da kuke shayarwa mako huɗu ya mutu tun kafin ya shiga kofi. Na nemi afuwarsu, na nemi ta Malamar Kimiyya, wadda ta faɗa mini gaskiya na mayar da ita yarinya.

Sun yi tsit, suna kallon juna, irin kallon ranar farko. Sai Lauya ta ɗaga hannu.

"Baba, in mutum ya faɗi wata magana, ba za a rubuta sunansa ba?"

Na ce ba za a rubuta ba.

"Akwai namu."

Na ce namu na me?

"Ƙulli. Malama ta raba irin biyu. Babban kaso ta tafi da shi gida, ƙaramin ta ba mu. Ta ce mai iri ba ya kwana da rumbu ɗaya. Yana cikin firjin Mai Kanti, bayan kwalaben lemo."

Na ce, to me ya hana ku faɗa tun ranar farko?

Dogo ya ce, "Baba, kun ce aikin jahilci ne. Wa zai ɗaga hannu ya ce ga mu nan, mu goma sha biyu?"

Lauya ta ce, "Kuma da mun faɗa, da kun shanya."

Da na shanya.

Muka ɗunguma zuwa kantin da ke bakin ƙofar makaranta, ni a gaba, ban san ƙafafuna suna da sauran wannan saurin ba. Mai Kanti mace ce mai faɗin murya. Tana ganinmu ta tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Yau za a raba ni da tsummokara. Wata biyu suna cin wurin lemo, ba haya ba godiya. Shekaranjiya na ɗaga ɗaya na ga har gemu ya yi." Sai ta dube ni sama da ƙasa. "Tsaya tukuna. Ku ne maigidan Malama?"

Na ce ni ne.

"To, ta ce duk yaron da ya zo in ba shi, amma in wani dattijo ya zo da biro uku a aljihu, in ce ban san zancen ba."

Na cire biro ukun na miƙa wa Dogo. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Yaya jikin nata, Baba?" Na ce da sauƙi. Ta ce, "Allah ya tashi kafaɗunta. Ita ce ke zama nan tana ba ni labarin fure kamar na san su."

Ƙulli biyar, kowanne da zarensa. Ban taɓa ko ɗaya ba. Lauya ce ta kwance. Iri sittin da uku, arba'in da bakwai daga ciki sun fid da farar saiwa, wata har ta huda tsumman.

Talata, 1 ga sabon wata, ƙarfe 4:20 na yamma

An shuka duka sittin da ukun a sabuwar ƙasa, saiwa tana kallon ƙasa. An ɗaura wa kowane kofi guntun zaren ƙullin da ya fito daga ciki. Da yatsa aka auna. Lauya ta nuna mini iyakar da Malama take tsayawa, gaɓar farko ta ɗan manuni, ba ta cika ba. Na so in auna gaɓar da rula don in rubuta a nan. Na fasa.

Ban gaya wa Malama ba. Na rantse ba zan sake ce mata suna hanya ba, sai na kai mata abin da ido zai gani.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe 5:35 na yamma

Bango, amma ta ci abinci. Na zauna minti arba'in ina kallon ƙeyarta. Auta ta yi mata kitso.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe 7:25 na safe

Mai gadi ne ya tare ni a ƙofa, ya ce yara sun hana shi sakat tun ƙarfe bakwai saura.

Arba'in da ɗaya sun tsiro. Kore ne siriri, kamar ciyawa. Wanda bai sani ba zai cire ya yar.

Dogo ya kira rajista. Kowane kofi ya nuna, sauran su amsa masa da "Na'am!" Ban hana ba.

Talata, 8 ga wata, ƙarfe 6:50 na yamma

A ƙofar ɗaki na shida akwai sanarwa mai doka bakwai. Ta biyar ta hana shiga da ƙasa ko tsiro. Doka ce mai kyau, da ni aka ba wa rubutawa ma haka zan rubuta. Na sa kofi ɗaya a cikin kular abinci, wanda ke da zare ja da kore, na rufe.

Nas ta tare ni. "Baba, yau ku kuka yi girki? Allah ya sa ba a ƙona ba."

Ashe Auta ta yaɗa ni. Na ce ba zan yi mata ƙarya ba, na buɗe kular. Ta leƙa, ta dubi sanarwar, ta dube ni.

"Ni dai kula na gani. Minti goma, Baba."

Na zagaya ta wajen bango, na durƙusa, na ajiye kofin a kan bargo kusa da hannun hagu. Na ce, "Na Mai Kanti ne. Sittin da uku, arba'in da ɗaya sun fito. Yara ne suka shuka. Ban taɓa ba."

Ta fara duba zaren. Sannan ta shafa ganyen da bayan yatsa. Sannan ta cusa ɗan manuni a ƙasar a gefen tsiron, har gaɓar farko, ta tsaya tana ji. Ta zare yatsan, ta goge shi a hannun rigata, farar da na goge da safe.

Bakinta ya motsa sau biyu babu sauti. A na uku ya fito, guntu guntu, ta gefe ɗaya:

"Su... fe... to."

Da muryar da take faɗa idan ta same ni ina jera mata kwalaben kicin bisa tsawo.

Auta ta fita da gudu tana kiran nas. Ni na miƙe na shiga gyara labulen taga, wanda babu abin da ya same shi.

Ban wanke rigar ba.

Alhamis, 10 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Mun yi aikin zare. Auta ta kawo akwatin fensir mai launi, tana ɗaga zare, Malama tana nuna launin uwa da na uba, ni ina rubutawa. An gama ƙulli huɗu cikin awa ɗaya da rabi, da hutu sau uku. Da aka zo kan ja da kore ta ture akwatin. Sai ta dunƙule hannu ta buɗe shi gaba ɗaya.

Shi ne wanda take nema. Guda tara ne suka fito daga cikinsa.

Za a sallame ta ranar Lahadi. Na ce wa Auta ta ajiye mini wuri a motar. Na ɗauke takalman daga ƙofar kicin, na goge su, suna cikin jaka.

Asabar, 12 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Zuwa ga Malamar Kimiyya.

'Yata, na yi niyyar yage shafukan da ba su shafi iri ba kafin in ba ki wannan littafi. Na zauna da almakashi, na ga babu inda zan yanka ban yanki iri ba. Ki karanta, kada ki karanta wa yara, musamman Lauya.

Yau arba'in da huɗu ne. Sauran goma sha taran kada a zubar da su sai an ƙara mako uku. Idan ganye ya kai huɗu a mayar da su manyan gwangwanaye, zare ya bi kowanne. Abin da kika karanta a waya ya ce daga iri zuwa fure shekara biyu ne, wani lokaci ƙasa da haka. Na yarda da shi. Likita bai ce komai ba game da shekara biyu, ni kuma ban tambaye shi ba.

Ga abin da na haɗo da littafin:

1. Takardar gyara don allon sanarwa. Kurakurai huɗu ne yanzu, na huɗun nawa ne, da sa hannuna.

2. Fassarar zare, ƙulli huɗu. Na biyar babu fassara, sai an gani.

3. Shafukan kalanda goma sha bakwai na Malama, yadda na same su. Ban jera su ba. Kada a jera.

4. Makullin rumfa, da jadawalin ban ruwa. A sa ido a kan Dogo.

5. Rula ɗaya, don tsawon ganye kawai.

6. Biro biyu. Na ukun yana wurin Mai Kanti, ta ce kuɗin hayar firji ne.

7. Lambar wayar Auta, a bayan bangon littafin. Ranar da na farko daga cikin ja da kore zai buɗe, a kira kafin ƙarfe bakwai na safe, ba sai an tashi daga makaranta ba. Tafiyar awa huɗu ce, da keken guragu, furen kuma ba ya jiran gobe.